Ruwan da Leah Ke Zuba wa Domashi

Talata, 29 ga Fabrairu, 2000. Da hantsi.

Littafin nan na waƙoƙin zumuntar mata ne, shafi huɗu kawai na cika. To, waƙa ta ƙare mini yanzu. Bari in juya shi ta baya in riƙa zuba abin da ba ni da mai gaya wa.

Leah ta dawo ran Asabar. Ɗiyata, autata. Mijinta Philip ne ya kawo ta daga Kaduna a bayan wata motar kaya, ƙafarta ɗaya da silifas, ɗaya babu. Su biyu suka sauko. Na tsaya ina kallon bayan motar nan, ina ta kallo, har direba ya ja abarsa. Philip ko ruwan da na miƙa masa bai shanye ba. Ya ce, "Mama, a wajen gudun rikicin nan muka rabu, ni ta nan, ita da Mika ta can. Sai bayan kwana uku na same ta a bariki, ita kaɗai. Na yi tambayar duniya, ba ta ce mini komai ba. An ce akwai yaran da mutane suka tsinta. Zan koma in duba."

Ya koma. Mika ɗansu ne, jikana. Watansa bakwai, haƙoransa biyu na ƙasa.

Tun ran Asabar ɗin Leah ba ta ce uffan ba. Ko "Mama".

Alhamis, 2 ga Maris. Azahar.

Cokali uku na kunu. Jiya biyu.

Asabar, 4 ga Maris. La'asar.

Zafi ya kama sosai. Na share bayan ɗaki don dai hannuna ya sami abin yi. Yakuwa ta bushe, barkono ya bushe, babu abin da ya rage a lambun sai da'irar duwatsu ta domashi, da toka, da guntayen kara baƙaƙe.

Ɗan'uwan shuwaka ne, ɗacinsu ɗaya, sai dai shi bai wuce ƙugu ba. Amma furensa, wayyo! Idan damina ta kusa ɗaukewa sai ya buɗe kawuna kamar manyan maɓallan riga, tsakiya shunayya, gefe fari-fari, ƙudan zuma su yi ta sha har su kasa tashi. Mutanen Rikoto saiwar suke so, wai maganin ciwon ciki. Duk wanda ya shigo mini da fartanya kuwa, da ciwon cikinsa yake komawa, da ƙarin na kunne.

Tsohuwata ce ta sauko da saiwar daga kan dutse, shekarar da danginmu suka bar tsohon gari suka dawo ƙasa. Tukunya ta ɗauko, da dutsen niƙa, da shi. Abin da ta koya mini bai da yawa. In fure ya bushe a sare karan, a barbaza busasshiyar ciyawa, a cinna wuta ta lashe sama-sama, shi ke nan a juya masa baya. Ba a ba shi ruwa da rani, ko ɗigo. Ta ce barci yake yi a ƙasa, in aka jiƙa shi cikin zafin nan dahuwa zai yi. Shi da kansa yake jin hadari tun yana nesa ya tsiro. Shekara talatin da wani abu ke nan bai taɓa makara ba.

Litinin, 6 ga Maris. Da sassafe.

Ta fito! Da ƙafarta, ba wanda ya ja ta. Ina hura wuta na ga inuwa ta wuce ni. Ta ɗebi ruwa a randa da ƙwarya, ta zaga bayan ɗaki, ta durƙusa gaban duwatsun nan, ta zuba masa duka. A hankali, kamar mai ba mara lafiya.

Bakina har ya buɗe. "Ke!" ɗin nan tawa da ake ji har bakin hanya tana kan harshena. Na haɗiye ta.

Da ta dawo ta sha rabin kofin kunu.

Laraba, 8 ga Maris. Azahar.

Ta zuba. Da safe, da tsakar rana, da yamma.

Juma'a, 10 ga Maris. Ƙarfe uku na rana.

Na kishingiɗa gindin mangwaro, ban san ko barci na yi ba. Na ga dutsen tsohon gari ya matso har bakin zana, duk ya yi shunayya daga sama har ƙasa, alhali ba lokacinsa ba ne. Tsohuwata tana saukowa cikin furannin, ba ta taka ko ɗaya. Tana yi mini magana da C'lela, yarenmu, ina ganin bakinta yana motsi, amma abin da ke shiga kunnena ƙarar ruwa ce kawai ana tsiyayawa. Na ce mata, "Ba ni ba ce, jikarki ce." Ta yi dariyar nan tata mai rufe baki da hannu.

Na buɗe ido, ashe Leah ce ke zubawa.

Ta san dokar. Ita na riƙa kora da tsintsiya tana ƙarama in ta je wanke hannu a wurin.

Lahadi, 12 ga Maris. Bayan sujada.

Ban je coci ba. Ba na iya idanun mata. Kowace ta riƙe hannunka ta ce Allah zai ba ta wani, sai ka ce tunkiya ta ɓata.

Yau na lura da lokutan da take zuwa. Ba agogo take bi ba. Idan gaban rigarta ya jiƙe da nono, sai ta tashi ta ɗauki ƙwarya.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan jima.

Alhamis, 16 ga Maris. La'asar.

Babbar Sallarsu ce yau. Na ji motsi a bakin zaure, na leƙa, Hamdiyya ce maƙwabciyata riƙe da kwano rufe da faifai, ta kasa yin sallama. Matar da shekara ashirin take faɗo mini gida ba ko gafara, ta buɗe tukunyata ta ce miyata ba gishiri!

Ta ce, "Maman Dominic, na rasa ko in kawo ko in bari. Bayan abin da anka yi can."

Na ce, "Ke, Hamdiyya, ke kika yi? Kawo naman nan kafin ƙuda su riga ni. In hanta babu, ki koma da abinki."

Akwai hanta. Muka zauna a ƙasa, ita tana kuka ni ina zaginta. Can sai Leah ta wuce mu da ƙwarya. Hamdiyya ta bi ta da ido har bayan ɗaki, ta juyo ta zare mini ido. Ta san dokar ita ma, duk unguwa an sani.

"Kina kallo ta kashe shi?"

Na ce, "Ci namanki."

Asabar, 18 ga Maris. Azahar.

Ta zuba. Ta ci hanta yanka biyu.

Talata, 21 ga Maris. Da hantsi.

Wani direba ya kawo saƙon Philip, layi uku a bayan takardar sigari. Ya duba bariki biyu da wani gidan marayu. An nuna masa yaro mai haƙora biyu, ba shi ba ne. Zai je Zariya.

Na karanta mata. Ba ta ɗago ba. Yatsunta dai na ga sun shige cikin tabarma.

Asabar, 25 ga Maris. Da yamma.

Dominic ya zo daga Sakaba a kan babur ɗinsa. Babban ɗana. Tun da ubansu ya rasu ya ɗauki muryar uban ya saka, ba ta ma yi masa daidai ba. Ya zauna gaban ƙanwarsa ya yi ta kiran sunanta, ya yi mata waƙar da suke yi suna yara, ya yi faɗa, ya yi roƙo. Yana son ta, wannan ba zan hana shi ba. Da ya fito idanunsa jajur.

Ya ce, "Mama, wata guda ke nan. Akwai wani gidan addu'a bayan Kanya, irin waɗannan ake kaiwa. Na aika wa Philip, ya yarda."

Na san gidan. Ɗiyar Rebecca ta zumuntarmu an kai ta bara waccan. Ta dawo tana magana, gaskiya ne, tana cewa "na gode, na gode" ga kowa har ga akuya, da sawun igiya a wuyan hannu da na ƙafa. Azumi suke sa su, a rana, ɗaure jikin bishiya.

Na ce, "Sai dai ka haɗa da ni ka ɗaure."

Ya ce, "In ta bushe a gabanki fa? Me za ki ce wa mijinta?"

Wannan tambayar ce ta fi ba ni haushi. Muka tsaya a kan Ista. In ba ta yi magana ba har ranar, Litinin zai zo da mota.

Lahadi, 26 ga Maris.

Saura mako huɗu.

Laraba, 29 ga Maris. Ƙarfe biyu na rana.

Komai rawa yake yi cikin zafin nan. Kwanon rufi, zana, dutsen can nesa, duk kamar a cikin ruwa nake ganinsu. Wurin domashi ya zama ɗan tafki, kaji suna zuwa sha. Wani malam-buɗe-littafi fari ya yini a kan lakar yana buɗewa yana rufewa. Leah ta zauna kusa da shi tun hantsi, inuwar katanga ta bar ta ba ta matsa ba. Na kai mata faifai na riƙe mata a ka. Mun daɗe a haka. Na yi ta ba ta labarin furen shekarar da aka haife ta, yadda ya yi kawuna arba'in da ɗaya, ubanta ya ƙirga sau biyu don bai yarda da ni ba.

Kamar gefen bakinta ya motsa. Ko kuwa zafin ne.

Asabar, 1 ga Afrilu.

Ta zuba.

Talata, 4 ga Afrilu. Da safe.

Ina jin haushinta. Ga shi na rubuta. Ina jin haushinta, ɗiyar da na haifa, a irin halin da take ciki. Abu ɗaya tsohuwata ta bar mini mai rai. Allah ya gafarta mini, jiya har na ɓoye ƙwaryar. Ta tsaya gaban randa hannunta a sake, ba ta nema ba, ba ta kalle ni ba, ta koma ɗaki ta kwanta ta juya wa bango fuska. Ba ta ci komai ba yini guda.

Yau na mayar da ita kan randa kafin ta tashi. Tsohuwar banza, ni.

Asabar, 8 ga Afrilu. La'asar.

Wari. Ba mai yawa ba, irin na rogon da aka manta a cikin ruwa.

Litinin, 10 ga Afrilu. Azahar.

Tana barci na je na tona da hannu. Saiwar da na sani da tauri kamar ƙaho, yatsana ya nutse a cikinta. Baƙa, tana yauƙi. Na tona ta ɗaya gefen ko akwai sauran ido mai rai. Babu.

Na mayar da lakar na shafe. Na wanke hannu sau uku. Ban yi kuka ba, sai wata irin gajiya, kamar na yini a gona.

Abin da ke cina shi ne wannan: iska ta fara juyawa. Nan da 'yan kwanaki komai zai tsiro, ko ciyawar bakin makewayi. Ita kuwa za ta tsaya da ƙwaryarta gaban abin da ba zai taɓa fitowa ba. In ta gane, wace ƙwarya zan ba ta kuma?

Alhamis, 13 ga Afrilu. Da yamma.

Na gaya wa Hamdiyya. Ta ce, "To mi ya hana a samo wani? Tsoho Nagoggo mai shanu duk dutsen nan a tafin hannunsa yake. Inda makiyaya sunka sa wuta tuni abubuwa sun fara tsira. A dasa mata, ta ga kore, zuciyarta ta buɗe. Wa zai sani?"

Na ce ƙarya ce. Ta ce igiyar Kanya fa, gaskiya ce?

Lahadi, 16 ga Afrilu.

An wuce da ganyen dabino ana waƙa. Saura mako ɗaya.

Laraba, 19 ga Afrilu. Da yamma, ƙafafuna cikin ruwan ɗumi.

Na hau dutsen. Rabona da shi tun ina budurwa. Nagoggo yana gaba da sandarsa a wuya, tsohon da ya girme ni amma tafiya kamar ɗan akuya, yana waiwayowa yana cewa, "Sannu Inna, saura kaɗan." Saura kaɗan ɗin nan ya faɗe ta ta fi goma, maƙaryaci.

A sama babu kowa sai iska. Harsashin ɗakuna suna nan zagaye-zagaye, da fasassun tukwane a kan kaburbura. Na tsaya inda nake jin nan ne gidanmu. Ƙasa baƙa ƙirin saboda gobara, amma in ka sunkuya sai ka ga ta yi tsiri-tsiri da kore. Daga can Zuru 'yar mitsitsiya ce, kwanukan rufi suna ƙyalli. Na nemi namu ban gane shi ba. Hadari yana kwance gabas, shuɗi, ba ya motsi. Na ji kamar in na zauna a wurin ba mai nemana, ba wata Litinin, ba komai. Daɗi na ji, abin kunya.

Nagoggo ya nuna da sanda. Ga shi nan tsakanin duwatsu biyu, ganye huɗu masu gashi-gashi, tsawon ɗan yatsa. Ya haƙo shi da ƙasarsa. Da yake miƙo mini ya ce, "Wanda ya riga ya farka ba ya son a ɗaga shi. Amma ki gwada."

Alhamis, 20 ga Afrilu. Azahar.

Hamdiyya ta ja ta gidanta wai za ta tsefe mata kai. Na kwashe lakar, na zuba busasshiyar ƙasa, na dasa, na yayyafa toka don wurin ya yi kama da da. Ruɓaɓɓiyar na kai juji na rufe da shara. Duk a sace na yi, kamar ɓarauniya a gidana.

Alhamis ɗin dai. Dab da faɗuwar rana.

Zan rubuta yadda ya faru, kada gobe in ce mafarki na yi.

Ta dawo da kai a tsefe. La'asar ta ɗebi ruwa ta zaga. Na bi ta na laɓe jikin katanga. Ta durƙusa. Ta ga ganyen. Na jira. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye ƙwaryar a ƙasa da ruwanta.

"Wannan ba shi ba ne."

Muryar a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Kwana hamsin da huɗu ina roƙon Allah in ji ta, da ta zo sai na ji kunya ta rufe ni.

Na ce, "Shi ne mana, Leah, ba ki ga ya tsiro ba?"

Ta juyo ta kalle ni, ido cikin ido, karo na farko. "Mama, har da ke? Ke ma wani za ki ba ni?"

Na kawar da fuskata. Ni, Saloma, da bakina.

"Ina kika kai shi?"

Na kai ta juji. Da hannunta ta ture sharar ta ɗauko shi, yana ɗiga, yana wari. Na ce, "Ya mutu, ɗiyata. Ki yafe mini. Na ji tsoro ki sani."

Ta ce, "Na sani. Ya fi mako biyu. Kullum ina sa yatsa in taɓa shi."

"Kin sani, kike ta zubawa?"

"In na daina, Mama, sai in faɗa."

Daga nan ta zauna a kan jujin, na zauna kusa da ita, ta faɗa. Tun daga inda suka rabu da Philip, da hayaƙin, da tsawon tafiyar da ta yi da Mika a baya tana yi masa magana, har wata tsohuwa da ba ta sani ba ta tsayar da ita ta ce ta kwanto shi ta duba. Sauran ba zan rubuta ba. Nata ne. Akwai bishiya a wurin, ta ce za ta gane ta. Mutanen da suka taya ta haƙa kabarin ko sunansu ba ta tambaya ba.

Mun yi kuka har kajin Hamdiyya suka watse. Ita ma tana bayan zana tana nata, na ji ta.

Juma'a, 21 ga Afrilu. Da hantsi.

Ta binne saiwar a gindin mangwaro, ita kaɗai, ta ce kada in taya ta. Sabon da na dasa ya yi yaushi. Ba wadda ta kula shi a cikinmu.

Lahadi, 23 ga Afrilu. Ranar Ista, da yamma.

Dominic ya zo tun yau don ya kwana, mota da safe. Yana jingine babur ta fito bakin ƙofa ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Makullin ya faɗi daga hannunsa. Ƙato da shi, ya zauna a ƙasa yana kuka da majina.

Bayan ya ci abinci ta ce tana son magana da shi. Sun daɗe a ɗaki. Da ya fito ya tsaya a kaina, muryar uban nan duk ta zube, tasa ta yara ce ta dawo.

"Mama, yaya zan faɗa wa Philip?"

Na ce, "Yadda ta faɗa maka."

Litinin, 24 ga Afrilu. Da safe.

Motar ta zo. Dominic ya shiga shi kaɗai, ya ce wa direba ba Kanya ba, tasha. Zai je Kaduna ya nemo Philip duk inda yake, ya ce masa ya daina nema.